Sha Shida a Kan Kilim: Wa Ya Ce Injin Ɗari Yake So?

Duk shekara, da watan Afirilu ya kama, maganar takan dawo. Rezo ya ɗauke a Maraɗi na sa'a biyu, ko mai aika kuɗi ya leƙo ta taga ya ce wa mutanen layi su yi haƙuri injin ya tsaya, kafin la'asar majalisun bakin kasuwa sun gama yanke hukunci: zafi ne ya kama injinan kamfani. Tun da aka fara zancen cibiyar bayanai ta ƙasa a Yamai kuwa, wadda ke cikin aikin shimfiɗa wayar intanet mai ratsa Sahara da Bankin Raya Afirka ya zuba wa kuɗi, sai maganar ta yi reshe. Wai irin waɗannan gine-gine sai an mayar da cikinsu firji dare da rana, saboda haka ƙasa mai zafi kamar tamu ko dai ta haƙura da su, ko ta zuba ido su shanye ɗan lantarkin da talaka ke gani.

Akwai gaskiya a ciki. Duk wutar da kwamfuta ta ci, zafi take mayar da ita, ba ta rage komai. Ɗakin da na'urorinsa ke jan kilowat 10 daidai yake da ɗakin da aka kunna wa murhun lantarki mai kilowat 10 aka rufe ƙofa, kuma ba a kashe shi ko ranar Salla. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin bayanai sun ci kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya, kuma abin da sanyaya kaɗai ke ɗauka yana kamawa daga kashi 7 a manyan cibiyoyin da suka iya tattali har ya zarce kashi 30 a waɗanda ba su iya ba. Zafin ma ba wasa ba ne. A Yulin 2022, ranar da Landan ta taɓa digiri 40 karon farko, na'urorin sanyaya wasu cibiyoyin Google da Oracle sun gaza, aka kashe wani sashe na kwamfutocinsu. Digiri 40 ɗin da ya girgiza Ingila, a Maraɗi azahar ce ta kowace ranar bazara.

Ba mu da katafariyar cibiya irin tasu a nan. Abin da muke da shi ƙananan ɗakuna ne masu yawa da ba a lissafa su wuri guda: wanda ke bayan kowane banki, akwatin ƙarfen da ke gindin kowace eriyar salula daga tsakiyar gari har Tibiri, na ofisoshin gwamnati, na asibiti, na masu aika kuɗi. In ka samu aka buɗe maka ɗaya, kafin ka ga komai sanyi zai doke ka a fuska. Ɗaga kai ka dubi kilim. Sau da yawa lambar da za ka gani ita ce 16, ƙarshen abin da madannin ke iya sauka. Ka tambayi mai kula da ɗakin dalili, amsar ɗaya ce ko'ina: "Yallaɓai, injin ba ya son zafi." In ka matsa masa, ya ƙara da cewa haka ya tarar, kuma in aka sa 16 ɗakin ya fi saurin yin sanyi.

Wannan ta ƙarshen ce ta fi ci mini rai, don ba a ɗakin kwamfuta kaɗai take ba. Tana kowane ofis, kowane otel, kowane falon Alhaji.

Manoman Jiratawa za su fi kowa saurin gane inda kuskuren yake. Tun shekarun 1980 famfunan lantarki ke jawo musu ruwa daga rijiyoyin burtsatse a kwarin Gulbin Maraɗi, shi ya sa zogalensu ke kore lokacin da ko'ina ya bushe. Kilim ma famfo ne. Abin da yake ja zafi ne, yana kwasowa daga cikin ɗaki yana zubarwa a waje. Lambar da ke kan madanni ba ta ƙara wa famfon ƙarfi, iyakarta ta faɗa masa lokacin tsayawa, kamar alamar da aka ja a jikin tankin ruwa. Ka ɗaga alamar zuwa bakin tanki, ruwan ba zai fi da gudu ba, famfon dai zai daɗe bai huta ba. Kilim na gargajiya gudu ɗaya gare shi: ko yana aiki ko ya tsaya. Ko sabbin da ke rage gudu da kansu, in ɗaki yana 38, da ka sa 24 da ka sa 16 duk da ƙarfinsu za su tashi. Bambancin yana zuwa daga baya. Mai 24 zai kai inda aka ce masa ya sassauta. Mai 16, a ranar da waje ke 43, ba zai taɓa kaiwa ba, sai ya yi ta nishi har kwampireso ya ƙone, a kira mai gyara, a ce kayan zamani ba su da ƙarko.

Manomin Jiratawa ya san wani abu kuma. In ruwan ƙasa ya yi nisa a ƙarshen rani, famfo ɗaya ne, tanki ɗaya ne, amma kuɗin wuta ya hau, don daga ƙasa sosai ake ɗago kowace lita. Haka zafi yake. Tazarar da ke tsakanin sanyin ciki da zafin waje ita ce zurfin rijiyar. Daga 25 zuwa 43 hawa 18 ne. Daga 16 zuwa 43 hawa 27 ne. Wanda ya sauke lambar da hannunsa ya ƙara wa rijiyarsa zurfi, sa'an nan ya zo yana kukan kuɗin wuta. Ga kuma yoyo: yadda ɗaki ya fi waje sanyi, haka zafi ke ƙara kutsowa ta bango, ta rufin kwano, ta ƙarƙashin ƙofa, ta ramin da aka huda don wuce waya ba a toshe ba.

Shin injin ɗin da gaske ɗari yake so? Masu ƙera shi ba su ce haka ba. Ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, wadda ƙa'idojinta ne duniya ke bi a wannan fanni, a 2004 ta ba da shawarar iskar da ke shiga gaban kwamfuta ta kasance tsakanin digiri 20 da 25. A 2008, tare da amincewar manyan kamfanonin ƙera na'urorin, ta faɗaɗa shi ya koma 18 zuwa 27. Ke nan 16 ɗin da ake taƙama da shi ya ma faɗa ƙasa da abin da aka ba da shawara. Kafin nan, a 2007, injiniyoyin Google sun fitar da binciken da suka yi a kan faya-fayan ajiya sama da 100,000 da ke aiki a cibiyoyinsu. Ba su ga cewa ɗumi matsakaici yana kashe faifai yadda ake zato ba. A cikin sabbin faya-fayai ma, waɗanda suka fi zama cikin sanyi sun fi yawan mutuwa. Kamfanin Intel ya yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali a jihar New Mexico mai hamada, ya ba da sakamakon a 2008: kwamfutoci 900, rabi a ɗaki mai kilim, rabi a ɗakin da fanka kawai ke turo masa iskar waje har zuwa kusan digiri 33, wata 10. Ƙura ta lulluɓe na ɓangaren fanka. Da aka ƙirga waɗanda suka lalace, aka samu kashi 4.46 a ɓangaren iskar waje, kashi 2.45 a ɓangaren kilim. Tazarar wajen kashi biyu ce kawai.

Abin lura a duka waɗannan, babu wanda ya yi rantsuwa ko ya kafa hujja da "haka muka tarar". Aunawa suka yi. Nan ne kuma namu ɗakunan suka faɗi, tun ba a je ga maganar 16 ko 25 ba. Yawancinsu mita ɗaya ce ke lissafa wutar ginin gaba ɗaya, da fitilu, da firjin shugaba, da butar shayi. Ba wanda zai iya faɗa maka nawa kwamfutoci suka ci, nawa kilim ya ci.

Ma'aunin da ake amfani da shi a duniya, wanda ƙungiyar The Green Grid ta yaɗa tun 2007 da sunan PUE, lissafin ɗan firamare ne. A ɗauki dukan wutar da ta shiga ɗakin, a raba da wadda kwamfutoci suka ci. In ya ba da 2, duk kilowat ɗin da ya tafi aiki akwai wani da ya tafi sanyaya da asarar hanya. Google yana bayar da rahoton kusan 1.1 a cibiyoyinsa. Binciken shekara-shekara na cibiyar Uptime ya nuna matsakaicin duniya ya sauko daga 2.5 a 2007 zuwa wajen 1.5 ko 1.6, ya kuma daɗe a nan bai motsa sosai ba. Mu koma kan ɗakin nan mai kilowat 10. In aka sauke shi daga 2 zuwa 1.5, an tsira da kilowat 5 kowace sa'a, 120 a yini, 43,800 a shekara. Ranar da wuta ta ɗauke aka koma kan gurup, wanda litar gazuwal ke ba shi kusan kilowat 3, wannan bambancin ya kai wajen lita 40 a yini. Mutanen Maraɗi ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da wannan ke nufi. Wutarmu ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kowa ya tuna yadda aka kwana da Najeriya ta katse ta a Agustan 2023, har zuwa farkon 2024.

Gwajin kansa ba ya son kuɗi mai yawa, haƙuri yake so. Mita ɗaya a kan layin kilim, ɗaya a kan layin kwamfutoci. Ma'aunin zafi kuma a liƙa shi a gaban na'urorin, inda suke shaƙar iska, sama da tsakiya da ƙasa, don iskar da kilim ke auna zafinta ita ce wadda ke komawa cikinsa, ba wadda kwamfuta ke sha ba. Ɗaki yana iya nuna 18 a bango alhali na'urar da ke saman kanta tana shaƙar 32, saboda iskar zafin da ta fito ta bayanta ta zagayo ta sake shiga ta gaba. Mai ɗakin da ya ga haka sai ya ƙara sauke lamba ko ya rubuta takardar neman kilim na uku, alhali maganin ya juya na'urorin su fuskanci gefe guda, ya toshe guraben da babu komai da faranti, ya raba hanyar iskar sanyi da ta zafi ko da labulen roba ne. Bayan an gyara wannan, sai a ɗaga lambar da digiri ɗaya, a bar ta mako guda, a rubuta abin da mitocin biyu suka nuna tare da zafin waje na kowace rana, a sake ɗagawa.

Mitar ta biyu ba ado ba ce. Kowace kwamfuta tana da ƙananan fankoki a cikinta, kuma in iskar da take shaƙa ta wuce wajen 25 zuwa 27 sukan ƙara gudu. Fanka kuwa in gudunta ya ninka biyu, wutar da take ci ninki takwas take yi. Akwai inda za a kai, abin da aka rage a kilim fankoki sun cinye shi. Abin dariyar ma, a nan PUE zai nuna kamar an ci gaba, don wutar fankokin a lissafin kwamfuta take shiga. Wanda ya dogara da wannan lamba ita kaɗai zai kai wa shugabansa rahoton nasara, kuɗin wuta kuwa yana nan inda yake. Jimillar mitocin biyu ce alƙali. Inda ta fi sauka, can ne lambar wannan ɗakin, kuma ba lallai ta zama ta ɗakin maƙwabci ba.

Sai a yi hattara da masu talla. Wani zai zo da na'urar sarrafa sanyi ya ce tana rage kashi kaza, hujjarsa kuwa ya auna kafin a ɗora ta a watan Mayu, ya auna bayan an ɗora a watan Agusta. Damina ce ta yi aikin, shi ya karɓi kuɗin. Gwajin gaskiya ana kunna sabon tsari mako guda, a koma tsohon mako guda, a yi ta musanyawa cikin yanayi iri ɗaya. Ko ragin kashi 40 ɗin da kamfanin DeepMind ya ba da labari a 2016, da ya ɗora ƙirƙirarriyar basira a kan sarrafa sanyin wata cibiyar Google, kashi 40 ne na wutar sanyaya, ba na wutar ginin duka ba. Haka kashi 6 kan kowane digiri da hukumar tattalin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta, lokacin da ta sa dole daga 2020 sabbin kilim su fito daga masana'anta a kan 24: wannan lissafin ɗakin kwana ne da ofis, inda yawancin zafin daga waje yake shigowa. A ɗakin kwamfuta zafin daga ciki yake tasowa, ribar kowane digiri ba za ta kai haka ba.

Ba sanyaya kaɗai ke cin wuta a waɗannan ɗakuna ba, har da ɗumamawa. Mai karatu zai ce, to ina ɗumamawa ta shigo a garin da ba a san dusar ƙanƙara ba? Ta shigo, ta ƙofar baya. Manyan na'urorin sanyaya da ake ƙerawa musamman don ɗakin kwamfuta ba zafi kaɗai suke lura da shi ba, har da laimar iska. In laima ta yi yawa sukan sanyaya iskar sosai don ruwan ya tsatso, sa'an nan su sake ɗumama ta da murhun lantarki da ke cikinsu. In ta yi kaɗan sukan tafasa ruwa su busa tururi. Ka ajiye biyu a ɗaki ɗaya, kowace da nata ma'aunin, ɗaya ya ɗan kauce, sai ka samu wannan tana busar da iska waccan tana jiƙa ta, dare da rana, mita tana juyawa, ɗakin kuwa lafiya lau a ido. Da hunturu, lokacin da laimar Maraɗi ke faɗuwa har leɓe ya tsage, na'urar da aka saita da ƙa'idar Turai za ta yi ta tafasa ruwa ba gaira ba dalili. Tsoron da ake yi shi ne tartsatsin da busasshiyar iska ke haifarwa, amma bayan bincike ASHRAE ta sassauta iyakar ƙarancin laima ƙwarai a 2015. Na'urar da aka saita kafin nan, ko aka kwafi saitinta daga tsohon littafi, ba ta ji labari ba.

Hunturun nan da ake zagi ma yana da rana. Daga Disamba zuwa Janairu daren Maraɗi yakan sauka ƙasa da 20, wani lokaci ƙasa da 15. A irin wannan dare, kunna kwampireso don sanyaya akwatin da ke gindin eriya almubazzaranci ne, fanka da matatar ƙura sun isa. Matatar ce sharaɗi, don ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Cadi ba ta bar kowa ba, kuma matatar da ba a wankewa ta fi babu muni. Ita wannan ƙurar ce ke toshe haƙarƙarin rabin kilim ɗin da ke waje, wanda galibi an kafe shi a bangon yamma rana na dukansa tun daga azahar. Rumfa da wanki duk wata suna iya yin abin da sabon kilim ba zai yi ba. A bazara kuma, kafin laimar damina ta iso, sanyaya iska ta hanyar ratsa ta cikin jiƙaƙƙen abu tana aiki sosai da wuta kaɗan, sai dai tana shan ruwa, kuma a Agusta ba ta da amfani. Yanayi uku muke da su, saiti ɗaya ba zai yi musu duka ba.

Masu kula da ɗakunan suna da hujja biyu da ya kamata a saurara. Ta farko batir. Batiran dalma da ke riƙe na'urori in wuta ta ɗauke, su kam suna son wajen digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana raba rayuwarsu kusan biyu. Amma ko su ba su nemi 16 ba, kuma in su ne damuwar, a ware musu nasu wuri ya fi a daskarar da ɗaki gaba ɗaya dominsu. Ta biyu ita ce wadda na fi tausaya wa: wai sanyin ajiya ne, in wuta ta ɗauke ɗaki mai 16 zai daɗe kafin ya yi zafi. A yi lissafin. Ƙaramin ɗaki mai mita 4 a kan 4 iskar cikinsa ba ta wuce kilo 60 ba, kilowat 10 kuwa yana ɗaga zafin wannan iskar da digiri ɗaya cikin daƙiƙa 6. Bango da ƙarafa za su shanye wani abu, su ja lokacin zuwa ƴan mintoci. Wato ana biyan kuɗin wutar shekara guda don sayen mintocin da ba su isa mai gadi ya nemo makullin gurup ba. Abin da ke ceton ɗaki shi ne gurup mai tashi da kansa, da kilim mai komawa aiki da kansa in wuta ta dawo, ba sai wani ya zo ya danna ba.

Ban ga laifin ƙaramin ma'aikaci sosai ba. In na'ura ta tsaya shi za a kira da tsakar dare, in kuɗin wuta ya hau kuwa ba ya ma ganin takardar, tana can wani ofis ana biya daga baitulmali. Na sama da shi kuma sayen sabon kilim ya fi masa daɗin sa hannu a kan sayen mita, kowa ya san dalili. Ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a cikin gari da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga ɗakuna da dama da ba a taɓa auna ko ɗaya ba.

A manyan cibiyoyi na duniya, kafin mai gini ya karɓi aiki daga hannun ɗan kwangila, akwai gwajin da ba a tsallakewa. Ana jera murhunan lantarki a inda kwamfutoci za su zauna, masu ba da zafi daidai da nasu, a kunna su duka, a ga ko na'urorin sanyaya za su riƙe. Sa'an nan a kashe ɗaya da gangan, a katse wutar gari da gangan, a tsaya da agogo ana duban minti nawa gurup zai ɗauka da kuma digiri nawa ɗakin zai hau. Duk hukuma ko bankin da zai gina irin wannan ɗaki a Maraɗi yana iya rubuta wannan sharaɗi a takardar kwangila, ya riƙe kason ƙarshe na kuɗin sai an yi gwajin. Ya kuma rubuta watan da za a yi shi da hannunsa, don in aka bar wa ɗan kwangila zaɓi, Disamba zai ce. A sa Mayu, ƙarfe uku na rana.